Daga ƙwaryar man kaɗe zuwa kwalbar bilicin: kayan shafa a hanyar Paraku da Jugu

 Hirar da muka yi a iska ce muka zauna muka rubuta, don wanda rediyonsa ba batir a ranar, da wanda ya ji amma yana son ya sake bi a hankali. Batun kuwa na man shafawa ne. Kada ka ce wannan zancen mata ne, Malam. Kai ne kake kwana a daji da shanu hunturu na tsaga maka diddige. Kai ne kuma kake ɗaure katan-katan na mai a bayan babur ka tsallaka da su tsakanin Cikanda da Nikki, ba ka taɓa buɗe ɗaya ka ga abin da ke ciki ba. In kuma aka tashi haɗa lefe, aljihunka ne ke biya.

Ka shiga kasuwar Arzeke a Paraku, ko babbar kasuwar Jugu, ka tsaya gaban teburin mai sayar da kayan shafa. Abubuwan da ke kan teburin nan ba zamaninsu ɗaya ba. Ga curin man kaɗe a ƙwarya ko a naɗe a ganye, wanda ya girmi garuruwan biyu. Ga basilin a roba, wanda ya zo da Turawan kanti. Ga kuma kwalabe masu hoton farar mace da 'yan ƙananan tubobi irin na asibiti, waɗanda kakanninmu ba su san su ba. Duka "mai" ake ce musu, duka shafawa ake yi, amma aikin da kowanne ke yi a jiki daban ne.

Mu fara da dattijon cikinsu. Itaciyar kaɗanya, wadda Fulani ke ce wa karehi, Dendawa da Zabarmawa su ce bulanga, Faransawa su ce karite, ba ta fita ko'ina a duniya sai a wannan ɗamarar da ta taso daga Senegal ta ratsa Mali, Burkina, arewacin Gana, Togo, Benin da Nijeriya har Sudan ta Kudu da Uganda. Paraku da Jugu a cikinta suke tsundum. A wani kufai mai suna Kirikongo a yammacin Burkina Faso, masu tonon tarihi sun tono ɓawon ƙwarar kaɗanya da ya nuna mutanen wurin suna sarrafa ta tun wajen shekara ta 100 bayan haihuwar Annabi Isa. Ka ga kusan shekara dubu biyu ke nan. Ibn Battuta, matafiyin Maroko da ya shiga ƙasar Mali a 1352, ya ba da labarin wani ɗan itace da ake daka ƙwallonsa a fitar da mai, a yi girki da shi, a kunna fitila, a shafa a jiki, har a gauraya da ƙasa a shafe ɗaki. Mungo Park, Baturen da ya ga kogin Kwara a 1796, ya ɗanɗana man ya yaba, ya ce yakan shekara ba gishiri bai lalace ba. Saboda wannan yabon masana itatuwa na Turai suka daɗe suna laƙa wa itaciyar sunansa, sai ka ce shi ya shuka ta.

Abin da ya ɗaga Paraku da Jugu shi ne hanyar Gwanja. Fatake na tasowa daga Kano, Katsina, Sakkwato da Jega bayan an gama girbi, su ƙetare Kwara ta wajen Ilo da Gaya ko ta Yawuri da Busa, su ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Paraku, su yada zango a Jugu, wadda Hausawan da ke kira Zugu, daga nan su miƙe zuwa Salga inda ake samun goron Asante. Ayari ɗaya yakan kai mutum dubu. Clapperton, wani Baturen Birtaniya, ya gamu da irinsa a Kayama a 1826 yana dawowa daga Gwanja, maza da mata da jakuna da takarkarai. Madugu ne ke sasantawa da sarakunan hanya kan abin da za a biya a wuce. A Jugu sarki na zaune a Kilir, baƙi 'yan kasuwa kuma suna unguwar Wangara, kuma har yau sunayen nan ba su ɓace ba. Dendancin da kake ciniki da shi a Paraku da Jugu da Kandi gadon wancan zamani ne. Kayan da ake tafiya da su kuwa: kanwa, turkuɗi da baƙaƙen riguna, jar fata, gabu, dabbobi, da kwalli.

To ka tuna lokacin da ake wannan tafiya. Rani ne, tsakiyar hunturu, wata biyu ko uku a ƙasa kafin a isa, wani da faɗe a ƙafa wani ba ko takalmi. Wanda ƙafarsa ta fashe a tsakanin Nikki da Paraku ayari ba ya jiransa. Shi ya sa man kaɗe ya zama guzuri kamar gari da kanwa. Matan ƙauyukan hanya ne ke yinsa suna kawowa zango. Da shi ake shafe faso da leɓe, da shi ake shafa wa jaki inda akumari ya ci masa baya, da shi ake laushin igiyar fata da salka, kuma da dare shi ne a cikin fitilar aci-balbal.

Me ya sa yake aiki? Kai da ka san fata ba sai an yi maka dogon bayani ba. Salkar da aka bari ta bushe tsagewa take yi, wadda ake shafa wa mai kuwa sai ta daɗe tana aiki. Fatar mutum ma haka take. A samanta akwai wani siririn shafi mai maiƙo da ke hana ruwan jiki ficewa. Iskar hunturu ba ta da laima ko kaɗan, sai ta riƙa zuƙe ruwan, sabulu mai ƙarfi kuma ya wanke maiƙon. Daga nan sai furu-furu, sai kaushi, sai faso. Man kaɗe galibinsa kitse iri biyu ne, ɗaya mai tauri wanda ke sa shi ya tsaya curi ko ana zafi, ɗaya mai ruwa-ruwa, kuma ɗumin jiki ya isa ya narkar da su su cike tsagar. Bayan su akwai wani ɗan kaso da ko an dafa shi da ruwan toka ba ya zama sabulu. Wannan kason ya fi yawa a man kaɗe a kan man gyaɗa ko man ja, a cikinsa ne ake samun bitamin E da sinadaran da ke kwantar da ƙaiƙayi da raɗaɗi. Shi Turawa ke biya da tsada. Amma a faɗi gaskiya: man kaɗe ba ya sa haske, ba ya kashe makero ko ƙazuwa, kuma kariyar da yake yi daga rana ba ta taka kara ta karya ba. Wanda ya ce maka yana maganin komai, ciniki yake nema.

Kuma man kaɗe suna suka tara. Kyansa daga ƙwara yake farawa. Matan da ke fita tsinta da asuba a farkon damina, cikin ciyawar da kububuwa ke kwana, su suka san aikin: a cire tsoka, a tafasa ƙwallon da wuri, a shanya a rana ya bushe sarai, a fasa, a daka, a soya, a niƙa, a yi ta bugawa da ruwa har farin mai ya taso, a dafa a tace. In aka bar ƙwarar ta yi fumfuna ko ta fara tsiro, man zai yi ɗaci da wari, wani ma ya yi wa fata zafi. In da hayaƙi aka busar da ita, ƙaurin ba ya fita, kuma masu saye na waje suna karya mata farashi. Ruwan ɗorawan da kake gani a kasuwa sau da yawa saiwar rawaya aka dafa shi da ita, launi ne kawai, ba ya nufin ya fi fari. In kana shakkar algus, ɗebi cokali guda ka narkar a wuta. Mai kyau zai narke garau. In ka ga ruwa na tartsatsi ko gari ya kwanta a ƙasa, an yi maka haɗi.

Ke kuma Inna da ke kaɗa nono a ruga, man shanunki ma yana laushin fata da gashi, ba wanda ya musa. Bambancinsa da na kaɗe shi ne ɗanyensa na ɗauke da ruwa da ragowar nono, shi ya sa yake saurin juyawa ya yi ƙarni, ƙuda su bi shi. Soyayye ya fi daɗewa. Wurare biyu ne dai muke roƙon a ɗauke masa hannu, shi da kowane irin mai: cibiyar jariri da sabuwar ƙuna. Cibiya ƙofa ce, ta nan ciwon sandarewar jarirai ke shiga. Ƙuna kuwa ruwa mai sanyi take so, a yi ta zubawa kamar minti ashirin, sannan a nufi likita. Sai kuma baƙin man inji da wasu samarin kiwo ke shafawa a miki ko makero, nasu ko na dabba. Wannan dattin ƙarfe ne da gubar ƙonannen fetur, ba magani ba ne.

Sabulun salo, wanda a Benin ake ce wa koto, shi ma tsohon hannu ne: ruwan toka da man kaɗe ko alayyadi. Yana wanki tas, amma in toka ta yi masa yawa yana cin fata, don haka bayansa shafa mai dole ne. Lalle na ganye bai cika cutarwa ba. Baƙin da ake haɗawa da dayis na rinin gashi don ya kama da sauri, shi ne ke tayar wa wasu amare da bororo a hannu. Kwalli kuma, wanda fatake suka yi ta safararsa ta nan, dutsen dalma ne, irin wanda ake haƙa a kwarin Binuwai. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka sun sami dalma a jinin wani jariri ɗan asalin Nijeriya, da aka gwada kwallin da ake sa masa sai aka tarar sama da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Wanda ya ji labarin yaran Zamfara na 2010, inda dalmar haƙar zinariya ta kashe kimanin 400, ya san abin da take yi wa ƙwaƙwalwar yaro. Abu ya zama na gado ba shi ke wanke shi ba. A bar idon jarirai haka nan.

Hanyar Gwanja ba rana ɗaya ta mutu ba. Yaƙin basasa ya watsa Salga a 1892. A 1894 Lugard na Ingila da Decoeur na Faransa suka yi rige-rigen isa Nikki, kowa na neman sarki ya sa masa hannu a takarda, sannan a 1898 ƙasashen biyu suka zauna a Paris suka raba Bargu biyu. Iyakar da kake biyan kuɗi ka tsallaka yau, ranar aka haife ta. Goro ya koma bin jirgin ruwa zuwa Ikko, daga can ya hau jirgin ƙasan da ya isa Kano a 1911. A ɓangaren Faransa kuma layin dogo mai kilomita 438 daga Kwatano ya iso Paraku a 1936, ya tsaya nan, kamiyo su ƙarasa da kaya Malanbil da Gaya. Hanyar da a da ke tafiya gabas da yamma ta juya ta koma kudu da arewa. Paraku ta samu, Jugu ta ɗan koma gefe. Ta wannan sabuwar hanya ce kantunan irin su CFAO da SCOA suka shigo da sabulun kanti, hoda, turaren kwalba da basilin.

Basilin ɗan fetur ne. A 1859 wani Ba'amurke mai suna Robert Chesebrough ya je rijiyoyin mai na Titusville, ya ga ma'aikata suna kankare wani kitse da ke daskarewa a jikin famfo suna shafawa a rauni. Ya kwashe shekaru yana tace shi har ya fito fari, ya yi masa rajista a 1872 da sunan Vaseline. Aikinsa ɗaya ne tak, kuma ba mai kama shi a wannan aikin: murfi ne. Yana zama a saman fata ya hana ruwa fita kusan gaba ɗaya. Ba ya ƙara wa fata komai, ba ya lalacewa, kuma da wuya ka ga wanda jikinsa ya ƙi shi. Kuskuren da ake yi shi ne a shafa shi a busasshiyar fata, a rufe tulun da ba ruwa. In kana da faso, jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi, goge kaushin da dutse, tun da sauran laima ka shafa man kaɗe, ka bi da basilin, ka sa safa ka kwanta. Kwana kaɗan za ka ga bambanci. Ka kuma nemi fari marar ƙamshi, don masu launi da turare na araha su ne ke sa wasu ƙaiƙayi. Wani abin dariya, a Amurka akwai wani man da aka fara yi a 1899 don hantsar saniya mai tsagewa, Bag Balm, basilin ne da kitsen ulun tumaki, sai masu tatsa suka lura hannuwansu sun yi laushi, yau mutane sun fi shanu shafa shi. Wannan kitsen ulu shi ne kuma tushen Nivea da Jamusawa suka fito da shi a 1911. Udarka da balaminka ba su da shi, Malam, gashi gare su ba ulu ba.

Gilisarin, wannan ruwa mai danƙo da mata ke saye a ƙaramar kwalba, nasa aikin jan ruwa ne ya riƙe a fata. A Kwatano inda iska ke da laima yana yi sosai. A Kandi ko Malanbil cikin Janairu, in ba a cakuɗa shi da ruwa an bi shi da mai ba, sai dai danƙo da ƙura. Yawancin man ruwa na kanti in ka bincika, ruwa ne da gilisarin da ɗan man fetur tatacce da turare. Ba laifi ba ne, amma ka san me kake saye.

Duk waɗannan da muka lissafa, na gida da na kanti, ƙoƙarinsu fata ta zauna lafiya yadda Allah ya yi ta. Zuwan na uku shi ne ya zo da wata manufa daban, kuma a nan ne za mu ɗan daɗe.

Baƙin fatarka wani rini ne da ƙwayoyin fatar ke yi, melanin sunansa, kuma aikinsa tare zafin hasken rana kada ya ƙona abin da ke ƙasa. Dubi zabiya, wanda aka haifa ba shi da wannan rini, yadda rana ke azabtar da shi, da yadda ciwon dajin fata ke kama su tun suna matasa. Man bilicin, wanda a Benin ake ce wa boju, a Mali caco, aikinsa hana fata yin wannan rini. Abubuwa uku ne galibi ke ciki.

Na farko zaiba, ruwan ƙarfen nan mai gudu da masu haƙar zinariya ke amfani da shi. Ita ce mafi tsufa, matan Turai sun daɗe suna shafa gishirinta don gusar da tabo. Tana ratsa fata ta shiga jini ta sauka a ƙoda da ƙwaƙwalwa. A 1972 likitocin Nairobi suka lura 'yan mata masu ilimi suna zuwa da kumburin jiki na ciwon ƙoda, da aka bi diddigi sai ga man haske mai zaiba. Tana sa rawar hannu, mantuwa da rashin barci. Tana kuma tsallakawa zuwa ɗan da ke ciki da wanda ke shan nono, har wanda ke kwana a shimfiɗa ɗaya da mai shafawa yana samun rabonsa.

Na biyu haidirokinon. Yadda aka gano shi ma abin ji ne ga mai sana'ar fata. A ƙarshen shekarun 1930, a wata majema a jihar Illinois ta Amurka, hannuwan baƙaƙen ma'aikata suka fara yin fari dabbare-dabbare. Aka bincika, ashe wani sinadari ne ɗan'uwan haidirokinon da aka sa a safar hannu ta roba. Abin da ya fito a matsayin cutar wurin aiki, shi 'yan kasuwa suka ga riba a ciki. Afirka ta Kudu ta zamanin wariyar launi ce ta zama babbar kasuwarsa, kuma can ne a 1975 likitoci suka bayyana ƙarshensa: bayan shekaru ana shafawa ana shiga rana, kumatu da goshi da bayan wuya su koma baƙi-shuɗi da ƙananan ƙuraje kamar tsakuwa, kuma wannan tabon da wuya ya goge. Ka ga garin neman gira an rasa ido. Likitan fata yana ba da shi har yau, kashi 2 zuwa 4 cikin 100, a kan tabo kawai, na 'yan watanni. Shafe jiki da shi safe da yamma shekara da shekaru wani abu ne daban.

Na uku shi ya fi yawa yanzu, shi ya fi araha, kuma a ganinmu shi ya fi yaudara: ƙananan tubobin nan masu kilobetasol ko betametazon. Magunguna ne na gaske masu ƙarfi, dangin kotizon, an yi su don kumburi da ƙaiƙayi mai tsanani, a shafa kaɗan na sati ɗaya ko biyu a daina. Cikin kwanaki suke sa fata ta yi haske da santsi, shi ya sa masu haɗin amare ke son su. Bayan watanni fata ta yi siriri har jijiyoyi su bayyana, nankarwa masu faɗi su keto a hammata da cinya, ƙuraje su feso, makero da ƙazuwa su bazu don an kashe wa fatar masu gadinta. In an daɗe, maganin ya shiga jini ya kawo hawan jini da ciwon suga, fuska ta kumbura. Ungozomomi da likitocin fiɗa sun san irin wannan fata: a ɗinke ta ta ƙi riƙe zare, miki ya ƙi warkewa. Kuma mai shafawa in ta tsaya rana ɗaya sai fuskar ta yi ja ta hau raɗaɗi, ta koma da gudu. Shi ya sa wadda ta daɗe a kai ba a ce mata ta yar da shi yau-yau. A hankali ake janyewa, a hannun likita, don jikin ya saba karɓa daga waje ya rage yin nasa.

Abin ba na jiya ba ne. Tun 1976 Fela Kuti ya yi waƙa yana yi wa masu bilicin na Ikko shaguɓe. A wata takarda ta 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawo ƙiyasin cewa mata 77 cikin 100 a Nijeriya suna amfani da man haske, 59 a Togo, 25 a Mali. Binciken birane ne, ruga da ƙauye ba su kai haka ba, amma ku da ke kai kaya kasuwannin ƙauye kun fi kowa sanin inda tubobin nan suka kai yanzu. Kuma kada a ɗora wa 'yan mata laifin su kaɗai. Saurayin da ke cewa fara ko mayya ce, da uwar miji da ke leƙa fuskar amarya, da mai haɗi da ke zuba tubo biyar a robar da ba suna ba lamba, duk da hannunsu. Maza ma sun shiga, har an kai ga shafa wa yara.

Hukumomi sun biyo baya, ko da yake da ɗingishi. Afirka ta Kudu ta hana haidirokinon a kayan kwalliya a 1990, Tarayyar Turai a 2001. Kodebuwa ta hana man haske mai zaiba ko kotizon ko haidirokinon sama da kashi 2 a 2015, Gana ta bi a 2016. A Nijeriya NAFDAC ta tsaya a kan kashi 2, kuma a 2023 ta ce abin ya zama matsalar lafiya ta gaggawa. Game da zaiba akwai yarjejeniyar Minamata ta 2013, mai ɗauke da sunan garin Japan da guba ta nakasa mutanensa, Benin da Nijar da Nijeriya duk suna ciki, kuma daga 2025 ta haramta kayan shafa mai zaiba komai ƙanƙantarta. Ma'anar wannan gare ka ɗan kasuwa, katan ɗin da ka ɗauko a matsayin kayan kwalliya yana iya zama haramtaccen kaya a shingen gaba, a ƙwace, jarinka ya tafi. Wanda ya sayar maka a Ikko ko Kwatano ba zai biya ka ba. Juya kwalbar, in ba ka karatun boko ka ba ɗan lakwal ya duba maka. In ka ga hydroquinone, clobetasol, betamethasone, mercure, mercury ko calomel, ka san abin da ke hannunka. Masu zaiba sau da yawa ba sa rubutawa sam, don haka wanda ba shi da jerin kayan haɗi, ko ya yi alkawarin fari cikin kwana bakwai, shi ne abin tsoro na farko.

Shi kuwa man kaɗe, yayin da muke sayen kwalabe, waje yake tafiya. A shekara ta 2000 Tarayyar Turai ta yarda a sa wasu mayukan itatuwa har kashi 5 cikin 100 a cakulan a madadin man koko, kaɗanya na ciki. Tun daga nan mafi yawan ƙwarar da ake lodi daga Bargu da Donga cikin abinci take ƙarewa, ragowar ta shiga man shafawa mai tsada, wani ma ya dawo mana a kwalba da sunan karite da manyan baƙaƙe, alhali abin da ke ciki bai cika cokali ba. Gwamnatoci sun fara cewa a sarrafa a gida. Burkina da Mali sun tsayar da fitar da ɗanyar ƙwara a 2024, Nijeriya ta sa nata takunkumin na wata shida a Agustan 2025, farashi ya faɗi a can, masu tsinta suka ji a jikinsu. In kana da niyyar lodin ƙwara ka tsallaka da ita, tambayi halin da doka take ciki a ɓangarorin biyu tun kafin ka biya kuɗin buhu, don abin na canjawa daga kaka zuwa kaka.

Itaciyar ita kanta tana raguwa a gefen hanyar Paraku zuwa Jugu. Gonakin auduga da na kashu suna cin ta, masu gawayi suna son ta don gawayinta na da nauyi, masu sassaƙa na son ta don turmi. Kaɗanya kuwa sai ta shekara goma sha biyar zuwa ashirin kafin ta fara 'ya'ya, ba ta cika ƙarfi sai ta haura arba'in, kuma tana iya wuce shekara ɗari biyu a tsaye. Yawancinsu ba shuka su aka yi ba, tsirowa suka yi a saura manomi ya bar su. Yanzu da ba a barin gona ta huta, kuma wutar daji na bin ciyawa kowane rani, ƙananan ne ba sa tashi. Ku masu kiwo da ke sa wuta don sabon toho, in da hali a yi ta da wuri, ciyawa na da sauran danshi, kafin itatuwan su fara fure a tsakiyar hunturu.